Basira: daga ina kalmar ta zo, kuma wane ne mai ita?

Malamar Aji Shida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga malamanmu na Hausa da na Arabiyya. Kalmar nan basira, mene ne asalinta, kuma me take nufi na ainihi? A makaranta duk yaron da ke da saurin hadda shi muke ce wa mai basira. Amma a gida na tashi ina jin in an ce wance mace ce mai basira, ba karatu ake nufi ba. Ana nufin in rigima ta taso a dangi ita ake aika wa, kuma kafin kowa ya gama kawo nasa bayanin ta riga ta gano inda gizo ke saƙa. To wanne ne daidai a ciki?

Almajirin Zaure:
Wa alaikumus salam Malama. Kalmar Larabci ce, babu ko tantama. Tushenta baƙaƙe uku ne, ba'un da sadun da ra'un, kuma abin da ke fitowa daga wannan tushe gani yake nufi. Ganin ido Larabawa na ce masa basar. Ganin zuci, wato mutum ya gane gaskiyar al'amari ko ba a baje masa ita a faifai ba, shi ne basira. Cikin sunayen Allah akwai Al-Basiru, Mai gani.

Suratu Yusuf kaɗai ta ishe mu misali, don duk ma'anonin biyu suna cikinta. A aya ta 96, da aka jefa rigar Annabi Yusuf a fuskar Annabi Yaƙub, Alƙur'ani ya ce ya koma basiran, wato ganinsa na ido ya dawo. A aya ta 108 kuma aka umarci Annabi (SAW) ya ce yana kira zuwa ga Allah a kan basira, shi da wanda ya bi shi. Nan ba ido ake nufi ba, hujja ce bayyananniya da sanin abin da ake kira gare shi. Sai ki haɗa da aya ta 46 ta Suratul Hajji, inda aka ce ba idanu ke makancewa ba, zukatan da ke cikin ƙiraza su ke makancewa.

Saboda haka ma'anar da kika taso da ita a gida ita ta fi kusa da tushe. Saurin hadda yana da nasa sunan, hazaƙa, mai ita kuma haziƙi.

Ɗan Kurmi:
Allah ya gafarta Malam, ke nan ƙanena Bashir sunansa daga nan ya fito?

Almajirin Zaure:
A'a ɗan'uwa, gida daban ne. Bashir da shinun ake rubuta shi, ɗan'uwan bushara da albishir ne, mai kawo labarin farin ciki. Wanda ya fito daga tushenmu shi ne Basiru, mace kuma Basira. Bahaushe ba shi da sadun a bakinsa, sai ya mai da ita s, kamar yadda ya yi a sadaka da asuba da sabulu.

Ɗalibin Harshe:
Malam, asalin kam ba na ja da kai. Inda nake ja shi ne a ce tunda ga abin da kalma ke nufi a Larabci, to dole haka za ta nufa a Hausa. Kalma in ta shigo harshe ta zama 'yar gida, masu gida ke juya ta. Dubi fasaha. A Larabci iya magana ce da tsabtar harshe. Yau in ka ce kwalejin fasaha ba wanda zai yi zaton ana koyar da zance a ciki, walda da gini da lantarki za su zo masa a rai. Wasiƙa ma a asalinta takardar shaida ce, mu kuma muka mai da ita saƙon da ake aika wa mutum. Wa zai ce mun yi kuskure? In malaman makaranta daga Sakkwato har Haɗeja suna ce wa yaro mai saurin fahimta mai basira, kuma kowa ya gane, to wannan ma Hausa ce.

Bari in ƙara wani abu kan yadda ta shigo. Akwai wani masanin harsuna Ba'amurke, Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, a 1947 ya yi rubutu kan kalmomin Larabci da ke cikin Hausa. Ya kasa su gida biyu. Na farko tsofaffi ne da suka shigo ta baki, ta hanyar fatauci da cuɗanya, kuma da yawansu sun taho da al ɗinsu a manne: alƙali, albasa, allura, alƙalami. Wasu ma a ɗin ta faɗi sai l ta rage, kamar labari, lada, lahira, liman. Kashi na biyu su ne waɗanda suka biyo ta hannun malamai daga Larabcin littafi, su kuma ba su cika ɗaukar al ba. Ba mu cewa albasira, ba mu cewa alhikima. Siffar kalmar ta nuna ta zauren karatu ta biyo. Zauren nan kuwa ya daɗe: Wangarawa sun zo Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Shehu Magili ya zo zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, bayan jihadin 1804 kuma waƙoƙin wa'azi na ajami suka kai irin waɗannan kalmomi har cikin ɗakunan mata.

Almajirin Zaure:
Na ji, kuma na ƙaru da batun al ɗin nan. Amma ɗan'uwa, ban ce a koma Larabci a ɗauko hukunci ba. Hausar kanta za mu tambaya. Me ya sa muke cewa a duba da idon basira? Ka taɓa jin an ce kunnen basira ko bakin basira? Muna cewa basirarsa ta toshe, muna cewa Allah ya buɗe maka basira. Duk maganar gani ce. Bahaushen da bai taɓa buɗe littafin Larabci ba ya san abin nan ido ne na ciki. Fasaha ta bar gidansu na asali, na yarda. Basira ba ta bari ba, ɗaki kawai aka ƙara mata, kuma ina tsoron kada sabon ɗakin ya cinye tsohon.

Hajiya Babba:
'Ya'yana, ku bari tsohuwa ta sa baki. Ni ban yi nisa a karatu ba, amma tun muna yara ake ce mana hankali ke gani, ido gululu ne.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne a karar Wudil. Bokon nan bai yi ba, allon ma bai kai ko'ina ba. Amma in ya tsaya gaban saniya zai buɗe bakinta ya dubi haƙora ya faɗa maka shekarunta, ya taɓa hancinta ya ji ko da danshi ko ya bushe, ya tsaya ya ga ko tana tuƙa. Wannan duk dillali ya iya, ba shi nake son in faɗa ba.

Wata ranar kasuwa wani mutum ya shigo da sa, ƙosasshe, fatarsa na sheƙi, ya yi masa kuɗi da araha. Dillalai suka yi masa caa, kowa na son cinikin ya faɗo hannunsa. Shi mutumin wajen babanmu ya nufa da igiyar. Baba ya dubi san kaɗan, ya dubi mutumin da yawa, ya ce ba ya ciki. Ƙanensa da ke taya shi aiki ya ji haushi, ga la'ada ta zo har hannu an ture. Baba ya ce masa, ka ga yadda ya riƙe igiyar? A nesa yake tsayawa, tsoron ƙahon yake ji. Ya yi wa san magana, san ko kunne bai kaɗa ba. Mai dabba in ya zo rabuwa da ita idonsa na kanta, wannan kuwa idonsa na bakin ƙofar kara. Kafin la'asar masu sa suka biyo sawu. Dillalin da ya yi cinikin sai da ya kwana a hannun hukuma, ya kuma biya kuɗin mutane daga aljihunsa.

To a gidanmu wannan ake kira basira.

Injiniya:
Allah ya jiƙan Baba, Hajiya. Amma ina neman afuwa, wannan ba gogewa ba ce kawai? Wanda ya shekara talatin a kara dole idonsa ya saba da irin waɗannan alamu. Ni ma in na ji ƙarar janareta na san ko fulogi ne ko mai ne ba ya hawa, kuma ban ɗauki wannan wata baiwa ba, yau da gobe ce.

Hajiya Babba:
Ɗana, wanda ya yi cinikin ya girmi babanmu, ya kuma riga shi shiga kara. Abin da Baba ya gani shi ma yana gabansa. Araha ce ta rufe masa ido. Gogewar duk suna da ita, amma ɗaya ya bar kwaɗayin la'ada ya shiga tsakaninsa da abin da yake kallo. Shi ya sa ake cewa son zuciya na toshe basira. Ka taɓa jin an ce son zuciya ya hana yaro hadda? Ɓarawo ma yana iya zama haziƙi. Amma ban taɓa jin mutanen da sun kira macuci mai basira ba, sai dai su ce mai wayo.

Malamar Aji Shida:
Hajiya, wannan maganar ta shige ni. Wato ita basira tana da alaƙa da halin mutum, ba kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai ba.

Almajirin Zaure:
Haka malamanmu suka karantar da mu. Ku koma Suratu Yusuf ɗin dai, aya ta 26 da 27. Kowa a gidan ya ga riga a yage. Mai shaida ɗaya ne ya ce a duba ta ina ta yage, ta gaba ko ta baya. Ba wani ilimi mai zurfi ya kawo ba, tambayar da ta dace ya yi, a lokacin da matsayin matar mai gidan, wadda ta zargi Annabi Yusuf, zai iya sa kowa ya kau da kai.

Ɗan Gobarau:
Ni fa abin da ke ci mini rai daban ne. Basira Larabci, hikima Larabci, hazaƙa Larabci, fasaha Larabci. Shin kafin zuwan Larabci kakanninmu ba su da tunani ne? Mutanen da suka gina ganuwa, suka haƙa marina, suka narka tama suka fitar da ƙarfe? Me ya sa ba za mu riƙe namu ba, mu ce hankali ko wayo?

Ɗalibin Harshe:
Yayana, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: hankali ma daga Larabci ta zo, daga aƙal. Ta daɗe ne ƙwarai har ta saje, ta haifi 'ya'ya da jikoki: a hankali, tashin hankali, jan hankali, kwanciyar hankali, taɓin hankali, hankalta.

Ɗan Damagaram:
Gaskiya ne. Nan wajenmu muna zaune da Barebari, su hangal suke cewa. In ka je Yamai ko Doso, Zabarmawa lakkal suke cewa, ka ga su sun riƙe l ɗin nan da aka yi bayani ɗazu.

'Yar Adamawa:
Mu a Fulatanci hakkiilo ne.

Ɗalibin Harshe:
Madalla. Bambarawan Mali na cewa hakili, masu Swahili na cewa akili, Yarbawa na da laakaye. Kalma ɗaya ta ratsa Afirka daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Ba za a ce duk waɗannan al'ummu ba su da tunani sai da aka kawo musu ba. Aron kalma ba ya nufin aron abin. Sau da yawa sabuwar kalma ce ke zuwa da martabar addini da karatu, sai ta danne wadda ta tarar.

Kuma namu na nan, Yayana, a cikin aikatau suka fi zama. Daga gani muka sami gane da gano. Daga hango muka sami hangen nesa. Muna da tsinkaya. In mutum zai ba da ra'ayi cewa yake a ganina. Muna cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ka ga Bahaushe tun asali da ido yake auna fahimta. A nan ina tare da Malam: basira ta zauna daram a Hausa ne domin ta tarar da gurbi an riga an share mata.

Ɗan Gobarau:
To wayo fa? Ita ce ba a yi wa adalci ba. In aka ce yaro ya yi wayo ai yabo ne, ya fara sanin fari da baƙi. In mutum ya ce mahaifina ya rasu tun ban yi wayo ba, ba zamba yake nufi ba.

Hajiya Babba:
Wayo fuska biyu gare shi. Yaro ya yi wayo alheri ne. Wane ya yi mini wayo kuma cuta ce. Gizo na tatsuniya wayo gare shi, dila ma haka, kuma duk wayonsu na cikinsu ne. Wayon a ci, an kori kare daga gindin ɗinya.

Ɗan Kurmi:
Abokan cinikinmu na kudu ma sun ari wayo a Turancin buroka, amma mugunyar fuskar kaɗai suka ɗauka. In sun ce maka mai wayo, mayaudari suke nufi.

Almajirin Zaure:
Tunda an taɓo hankali da hikima, akwai abin da ya kamata a sani. Malaman lugga sun ce aƙal ɗan'uwan iƙal ne, igiyar da ake yi wa raƙumi dabaibayi da ita. Alhazai sun san baƙin zagayen nan da Larabawan Saudiyya ke ɗorawa a kan mayafin kansu, shi ma iƙal ake ce masa. Hankali ke nan abin da ke ɗaure mutum kada ya afka inda zai halaka. Hikima kuma tushenta ɗaya da hukunci da hukuma da hakimi, kuma daga tushen ne Larabawa suka sami sunan wani sashe na linzamin doki. Ita ma hanawa ce da juyarwa. A aya ta 269 ta Baƙara aka ce wanda aka ba hikima an ba shi alheri mai yawa, Luƙman kuma da ita aka yabe shi.

Injiniya:
Ke nan akalar raƙumi ma daga iƙal ɗin ta fito?

Ɗan Damagaram:
A bi a hankali nan. Kama da wane ba ta wane. Akala ja ake yi da ita, iƙal kuwa ɗaure ƙafa ake yi da shi. Kuma harkar raƙuma ta hannun Abzinawa ta fi iso mana, kalmar raƙumi kanta da takobi daga harshensu muka same su. Kada amo ya yi kama mu yanke hukunci.

Ɗan Mai Wurno:
Gaisuwa daga Sudan, 'yan'uwa. Mu jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, garinmu na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Na daɗe ina karanta zancenku, yau dai sai na tanka, don kalmar nan kullum tana bakin maƙwabtanmu.

A Larabcin Sudan in an ce basir, maɗori ake nufi. Wanda in yaro ya faɗo daga jaki ya karye za a kai masa, ya shafa da hannu ya gane inda ƙashi ya goce, ya ja, ya jera karare ya ɗaure. Ba ya ganin ƙashin da ido, amma sunansa mai gani. Likita kuma tsofaffi hakim suke ce masa, mai hikima. Ku duba yadda kalmomin biyu suka sauka kan masu aikin hannu, ba masu yawan magana ba.

Suna kuma da labarin wata mata da suke kira Basira Ummu Hamad. Maraƙi ya tura kansa cikin randa ya kasa fitarwa, aka kira ta ta ba da shawara. Ta ce a yanke kan. Aka yanke, kai na nan cikin randa. Ta ce to a fasa randar. Aka rasa maraƙi, aka rasa randa. Har yau in wani ya kawo shawarar da ta fi matsalar ɓarna, sunanta ake ambata. Abin da na ɗauka a labarin shi ne mutanen sun miƙa mata wuya saboda laƙabinta, ba wanda ya tsaya ya duba da nasa idon.

Malamar Aji Shida:
Allah ya saka da alheri ɗan'uwa, ka gaishe mana da mutanen Mai Wurno. Wani abu kuma da nake ji kwanan nan a rediyo shi ne ƙirƙirarriyar basira, wai manhajojin nan na kwamfuta da ake tambaya suna ba da amsa. Bisa abin da aka tattauna, sunan ya dace?

Almajirin Zaure:
A wurina bai dace ba. Larabawan da muka aro kalmar a wurinsu ma ba su kira abin basira ba, zaka'u suka ce, wato kaifin fahimta da saurin kamawa. Da hazaƙa aka ce da na yi shiru. Amma abin da ake dangantawa da tsarkin zuciya, a ɗauka a ba na'ura, yaranmu za su tashi suna zaton basira ita ce saurin ba da amsa.

Ɗalibin Harshe:
Malam, sunan ya riga ya bi iska. Gidajen rediyo na faɗa, jaridu na rubutawa, 'yan Facebook sun ɗauka. Kuma ba su ƙago ma'anar ba, wadda ke cikin aji suka tarar, ta yaro mai basira. Ba na jin tsohuwar ma'anar za ta mutu saboda wannan. Muddin ana cewa a duba da idon basira, tana nan da ranta.

Injiniya:
Ni da nake amfani da manhajojin nan a wurin aiki, gaskiya suna gano alamu cikin tarin bayanai fiye da yadda mutum zai iya. Amma sukan kawo amsar da ba daidai ba da cikakken ƙarfin gwiwa, sai wanda ya san aikin ne zai kama su. Kwanaki wata ta lissafa mini kaurin wayar da za a ja wa injin niƙa, da na bi ta da wayar ta yi zafi ta narke. Sai da na koma teburin lissafi na da na gyara.

Mai Fassara:
Ni aikina ke nan, fassarar labarai, kuma na san yadda irin wannan suna ke samuwa. Labari ya shigo, saura minti kaɗan a shiga ɗakin watsawa, dole ka sami kalmar da manomi a Gumel da ɗan kasuwa a Maraɗi za su gane nan take. Hazaƙa na da kyau, amma ba ta kai basira yawo a bakin jama'a ba, shi ya sa basira ta yi nasara. Ni a nawa rubutun ina bin abin da aka saba don kada in rikita mai sauraro, sai dai a farkon labari nakan ƙara jimla ɗaya in ce manhaja ce da aka horar da tarin rubuce-rubuce tana kwaikwayon amsar mutum. Malam, in kuna da wani suna gajere da zai shiga baki, ku kawo shi nan zauren, zan kai wa abokan aikina mu gwada shi a shirin safe.